Wai 20 tana ciki ko ba ta ciki? Lissafin da ya hana ni barci a Jidda

Wlh da wani zai ce min akwai ranar da lissafi zai zaunar da ni a falo ƙarfe 2 na dare ina magana ni kaɗai, da cewa zan yi ya je a yi masa ruƙiyya. Ni fa lissafi shi ne abincina, muhasib ne ni, akawu in ji 'yan uwanmu na Najeriya, shekara 9 kenan ina aiki a wani kamfanin kayan gini nan Jidda kullum ni da lambobi tun safe har a tashi dawam, wato a tashi daga aiki. To sai ga shi na ɗauko niyyar yin MBA, digiri na biyu a harkar gudanar da kasuwanci, makarantun da nake so duk suka ce sai na kawo sakamakon GMAT, jarabawar da ake yi kafin a shiga irin wannan karatun, na ce ai wannan ƙaramin alhaki ne. Ashe kallon kitse nake wa rogo.

Ku yi haƙuri da rubutuna, a Makka aka haife ni, makaranta da Larabci na yi ta, Hausar boko a Facebook da WhatsApp na koye ta, in kun ga na jefo kalmar Larabci to haka muke yi a gida.

Ita jarabawar yanzu kashi 3 ce, kowanne minti 45, tambayoyi 64 gaba ɗaya, maki daga 205 zuwa 805. Tun ƙarshen 2023 suka fito da wannan sabon tsarin, tsohon kuma aka rufe shi a ƙarshen Janairun 2024. A kashi na bayanai, mai tambaya 20, nan suka cusa wasu tambayoyi da ake ce wa data safishensi, ni dai ina ce musu tambayoyin "ya isa ko bai isa ba". Za a ba ka tambaya ɗaya, a ba ka bayani guda 2, ba a ce ka nemo amsar ba fa, cewa aka yi ka faɗi ko bayanin da aka ba ka ya isa a san amsar. Zaɓin kullum 5 ne kuma ba sa canzawa, A in bayani na 1 shi kaɗai ya isa na 2 bai isa ba, B in na 2 ne ya isa shi kaɗai, C in babu wanda ya isa shi kaɗai amma in an haɗa su sun isa, D in kowanne ya isa shi kaɗai, E in ko an haɗa su ɗin ma ba su kai ba. Kamar alƙali ne da aka kawo masa shaidu biyu, ba hukunci ake so ya yanke ba, so ake ya ce shaidar nan ta wadatar ko a ɗage zama.

Sauran iri-irinsu duk ina lallaɓawa da su. Waɗanda suka ci min tuwo a ƙwarya su ne na majmu'a, wato a ce maka ga wani gungun lambobi, ba za a lissafo maka abin da ke ciki ba, doka kawai za a ba ka, sai a ce wai lamba kaza tana ciki? Karo na farko da na zauna jarabawar, kuɗi sama da riyal 1000 na biya, makin da na fito da shi ba na faɗa ba ne, matata kaɗai ta gani ita ma na sa ta rantse.

Bari in kawo wadda ta fara kayar da ni, ni na sake lambobin amma ginin ɗaya ne. Akwai gungu, dokarsa ita ce duk lambar da ke ciki, in ka ƙara mata 3, abin da ya fito shi ma yana ciki. Tambaya: 20 tana ciki? Bayani na 1: 5 tana ciki. Bayani na 2: 23 tana ciki.

Na 1 ba wahala, 5 ta jawo 8, 8 ta jawo 11, sai 14, 17, 20, halas tana ciki, ya isa. Na 2 kuwa ko tunani ban yi ba, na ce 23 a cire 3 ai 20 kenan, ya isa shi ma, na danna D ina jin kaina. Amsa A ce. Na yi kwana biyu ina cewa littafin ne ya yi kuskure, har na rubuta dogon saƙo a wani gurup na masu shirin jarabawar, Allah ya taimake ni ban tura ba.

Ranar Alhamis da dare kamar kullum muka tafi Makka gidan Hajiyarmu wajen Shari'a Mansur, can muke kwana mu yi Juma'a mu dawo Asabar. Ɗiyar yayata tana aji na ƙarshe a sanawiyya, wato sakandare, tana fama da shirin Ƙudurat, jarabawar nan ta hukumar Ƙiyas da duk ɗan da ke son shiga jami'a a Saudiyya sai ya yi ta, ita da wata jarabawar da ake ce wa Tahsili. Ta gan ni na baje takardu a kan tabarma ana ta kawo tuwo miyar kuka ni ban ko ɗago ba, ta leƙo ta ce Kawu me kake yi haka, na fassara mata tambayar da Larabci don in nuna mata irin abin da manya ke yi. Ta kalla kamar daƙiƙa 20 ta ce Kawu ai ba a ce in ka cire 3 ba, cewa aka yi in ka ƙara. Na ce to ai duk ɗaya ne, ta ce a'a, wa ya ce maka 23 ɗin daga 20 ta zo, ƙila daga ita aka fara.

Na yi shiru. Su ashe a Ƙudurat suna da 'yar uwar wannan tambayar, ta muƙarana, a ba su ƙima biyu su ce ta farko ta fi, ko ta biyu ta fi, ko daidai suke, ko kuma "almu'uɗayat gairu kafiya", bayanan ba su isa ba. Yarinya ta saba da tunanin cewa "ban sani ba" ita ma amsa ce mai maki, ni kuwa shekara 9 ina aikin da in na ce wa mudir, wato shugabana a wurin aiki, ban sani ba sai ya tambaye ni to me ake biyana albashi a kai.

Misalin da ta ba ni shi ya zauna min. Jirgin ƙasa na Haramain in ya taso daga Makka zai tafi Madina, dole ya ratsa Jidda. Duk wanda ya hau a Makka ya kai Madina ka san ya wuce ta Jidda. Amma in ka ga mutum a cikin jirgin bayan Jidda ba za ka rantse cewa daga Makka ya hau ba, ƙila a tashar Sulaimaniyya ya shiga. Dokar gaba take tafiya kawai, ba ta yin ribas. 23 ta ba ka 26, 29, 32 har abada, amma game da 20 ba ta ce uffan ba, gungun zai iya farawa daga 23, zai kuma iya kasancewa da 20 ɗin, tunda duka biyun suna yiwuwa bayanin bai isa ba.

Sai kuma ta ƙara min wani abin da ya fi wannan ciwo. Ta ce Kawu to da cewa aka yi 23 BA TA ciki fa? Na ce wannan ai ya fi na ɗazu rashin amfani. Ta ce a'a wannan ya isa, don da 20 tana ciki da dole ta jawo 23, tunda babu 23 to babu 20, babu 17, babu 14, haka har ƙasa. Wato samuwa gaba take gudu, rashi kuma baya yake gudu. Kuma amsar "a'a ba ta ciki" in dai tabbatacciya ce, ta isa ɗari bisa ɗari. Nan ne da yawanmu muke faɗuwa, zuciya tana ɗauka "ya isa" na nufin "eh", alhali shaidan da ya tabbatar wa alƙali cewa wanda ake tuhuma yana can garin Ɗa'if ranar da aka yi satar a wani gari ya gama shari'a kamar wanda ya ce da idona na gan shi.

Ƙanin matata yana karatu a Jami'ar Musulunci ta Madina, ɓangaren shari'a, ya zo umara ya sauka wurinmu, ina ba shi wannan labarin a wajen mai sere, (tsiren nan namu da mutanen Hijaz suka karɓe suka maida shi nasu har da sabon suna) sai ya kwashe da dariya ya ce Yaya ai wannan darasin shekarar farko ne a usulul fiƙhu. Ma'anar sharaɗi kenan, abin da rashinsa yake tilasta rashi amma samuwarsa ba ta tilasta samuwa. Alwala sharaɗin salla ce, in babu alwala babu salla, amma ka ga mutum da alwala ba shi ke nuna ya yi salla ba, ƙila Alƙur'ani zai ɗauka. 23 ita ce alwalar, 20 ita ce sallar. Gsky na ji kunya kaɗan, abin da na biya kuɗin kwas a intanet wani Ba'amurke yana ta zana min kibiyoyi ban gane ba, ashe yana cikin littattafan da ke jibge a ɗakin mahaifinmu tun muna yara.

Daga nan na samo dabarar da nake bi yanzu, kuma ita ce dalilin wannan rubutun. Duk sanda aka ba ni gungu mai doka, gungu biyu nake ginawa a takarda. Na farko ɗan tsurut, in sa abin da bayani ya ce yana ciki da abin da doka ta jawo dole, ban ƙara ko ɗaya ba. Na biyu ƙato, in zuba duk abin da ba a hana ni zubawa ba, sau da yawa ma duk lambobin duniya ne, don gungun duk lambobi yana bin kusan kowace irin wannan dokar. In lambar da ake tambaya tana cikin ɗan tsurut ɗin to dole tana ciki, ya isa. In ba ta cikin ko da ƙaton to dole ba ta ciki, ya isa. In kuwa tana cikin ƙato ba ta cikin ƙarami, bai isa ba, wuce gaba kar ka ɓata lokaci, minti 2 da 'yan daƙiƙu gare ka a kowace tambaya.

Ga wadda na gwada dabarar a kanta. Gungu mai doka biyu: duk lambar da ke ciki to kishiyarta ma tana ciki, wato in akwai 6 akwai -6, sannan duk lambobi biyu da ke ciki in ka tara su jimlar tana ciki. Tambaya: 9 tana ciki? Bayani na 1: akwai 6. Bayani na 2: akwai 15.

Da 6 kaɗai ɗan tsurut ɗina shi ne 0, 6, -6, 12, -12, 18 haka dai, babu 9, amma ƙato yana da ita, bai isa ba. Da 15 kaɗai 0, 15, 30, -15, babu 9 nan ma. In an haɗa, 15 a tara da -6 ya ba da 9, shi kenan ta shigo dole, amsa C. Lafiya lau. Yanzu bar komai yadda yake ka canza tambayar kawai, ka ce 7 tana ciki? Nan ne ni na da zan faɗi. In ka ci gaba da wasa da 6 da 15, 9 a tara da -6 ya ba da 3, daga 3 kuma sai duk 'ya'yanta, 3, 6, 9, 12, da kishiyoyinsu, kuma ko za ka kwana kana tarawa kana ɗebewa ba za ka taɓa fita daga gidan 3 ba saboda 6 da 15 duk 3 tana raba su ba saura. To sai zuciya ta ce maka tunda 7 ba 'yar gidan 3 ba ce ba ta ciki, amsa a'a, ya isa, C. Ƙarya ne. Ba wanda ya ce maka gungun iya abin da 6 da 15 suka haifa ne kawai, ƙila akwai 1 a ciki tun farko ba a gaya maka ba, in kuwa akwai 1 to kowace cikakkiyar lamba tana ciki har da 7. Amsa E ce. Doka tana gaya maka wanda dole a bari ya shiga walima, ba ta ba ka sunayen waɗanda aka hana ba, kuma kun san walimar mutanenmu a Makka, katin mutum 200 ake bugawa a dafa shinkafar 600.

Sai dai in an rufe ƙofar da baki. In ka ga kalma irin "kawai", ko "babu wata lamba sai", ko an ce ƙaramar lamba a gungun ita ce kaza, ko an faɗi adadin lambobin da ke ciki, to an yi wa ƙaton naka aski kenan, dole ka sake gina shi. A tambayar farko da an ce mafi ƙanƙantar lamba a gungun ita ce 21, to 20 ba ta da wurin zama, ya isa.

Abin da ya burge ni a wannan na 6 da 15, ashe tsohon ilimi ne, abin da kake samu a ƙarshe kullum shi ne babbar lambar da ke raba su duka, irin hanyar da Iƙlidis, masanin lissafin nan na Girkawa, ya rubuta tun kafin haihuwar Annabi Isa da wajen shekara 300, ka yi ta ɗebe ƙarama daga babba har ka tsaya. Da 4 da 7 aka ba ka, 7 a cire 4 saura 3, 4 a cire 3 saura 1, an gama, kowa ya shigo. Ƙanin matata da ya ga ina ta murna da Iƙlidis sai ya ce Yaya kai da kake Bakatsine ta wajen uba ai kana da naka, Muhammad ɗan Muhammad Alkashinawi, malamin Katsina da ya zo nan Makka aikin hajji, ya yi rubutu a kan lissafin hatimi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Na ce to ka ga jinin ne bai biyo ta kaina ba, ta kan ɗiyar yayata ya bi.

Akwai wasu 'yan miyagun lambobi da yanzu nake rubuta su a saman takarda tun kafin in fara: 0, 1, -1, da rabi. Su ne ɓarayin maki. In aka ce "lambobi" ba a ce cikakku ba to rabi da kwata duk suna da izinin shiga. Misali doka ta ce duk lambar da ke ciki ninkinta biyu yana ciki, ana tambayar 12, bayani ya ce akwai 1.5, ni na da sai in ce wannan ai ba ta da alaƙa, alhali 1.5 ta ba da 3, 6, 12. Sifili kuwa shi ne uban 'yan iska, da wannan dokar dai ta ninki biyu, in aka ce gungun ba fanko ba ne kuma lambobin cikinsa suna da iyaka, to babu abin da zai iya zama a ciki sai 0 shi kaɗai, don duk wata lamba in ka fara ninka ta ba za ta tsaya ba, shi kuwa 0 sau 2 yana nan inda yake. Sannan in doka ta ce "x da y suna ciki" ba ta ce daban-daban ba, to x da y za su iya zama lamba ɗaya, 6 a tara da 6, ko -1 sau -1. Wannan mun yi musu a kansa da wani abokin aikina ɗan Sudan, Bahaushen Mai Wurno, har shayi ya huce, shi yana ganin zalunci ne a kira abu ɗaya da suna biyu, na ce masa kai ma ai sunan da ke iƙamarka, katin zamanka a ƙasar nan, daban wanda Hajiyarka ke kiranka da shi daban.

Wani abin kuma da na lura da kaina, in na gama da bayani na 1 sai ya manne min a ka, in shiga na 2 da shi ban sani ba. Yanzu da yatsa nake rufe shi a kan sikirin kamar ɗan firamare, ko mai gadin ɗakin jarabawa zai yi min dariya ya daɗe bai yi ba.

Juma'ar da ta wuce bayan an sauko daga Harami, ɗiyar tawa ta miƙo min 'yar takarda ta ce Kawu ni ma na haɗa maka ɗaya. Gungu ne, duk lambar da ke ciki in ka ninka ta da kanta abin da ya fito yana ciki. Tambaya: 1 tana ciki? Bayani na 1: lambobi 2 ne kacal a gungun. Bayani na 2: akwai lambar da ke ƙasa da sifili a ciki.

Na gyara zama. Na 2 bai isa ba, wannan na gani nan take, zai iya zama -1 da 1, zai iya zama -2, 4, 16, 256 babu 1 ko a mafarki. Na 1 na ce lambobi biyu ai suna da yawa a duniya, bai isa ba. In an haɗa kuwa dole -1 da 1 ne, na ce C, na miƙa mata takarda na jawo kofin shayina. Ta ce Kawu kawo min lambobi biyun da babu 1 a cikinsu. Na ce 2 da 4, ta ce ina 16. Na ce rabi da kwata, ta ce ina ɗaya bisa 16. Na ce to 0 da -1, ta ce -1 sau -1 nawa. Iya 0 da 1, ko -1 da 1, su kaɗai ne za su iya zama su biyu a rufe ƙofa, kuma duka akwai 1, bayani na 1 ya isa shi kaɗai, A ce.

Hajiyarmu tana gefe tana jan carbi ba ta san me ake yi ba, ta dai ga yarinya tana dariya ni ina sosa ƙeya, ta ce ke bar yi wa kawunki rashin kunya, shi da yake riƙe da kuɗin kamfani guda. Na riga na yi rajistar zama na biyu bayan hajji, mun yi ciniki da yarinyar za ta riƙa haɗa min guda 5 duk sati, ladanta soyayyar kazar gidan abincin Albaik, ta ce mai yaji kuma banda na ranar da na ci duka biyar ɗin, wannan kyauta ne.